Babi na Shida: Sautin da Ba a Yanke Masa Komai Ba

Zaren fim na silima, irin mai faɗin milimita 35, gefunansa biyu jere suke da ƙananan ramuka waɗanda haƙoran majigi ke kamawa su ja shi. Lokacin da kamfanin Dolby ya tashi saka sautin dijital a jikin wannan zare, bai sami masauki ba. Hoto ya cinye tsakiya, tsohon layin sauti ya riƙe gefensa, abin da ya rage kawai shi ne ɗan filin da ke tsakanin rami da rami. A nan injiniyoyin suka cusa layukan sauti shida a kan kilobit 320 cikin daƙiƙa, kuma a 1992 aka saki Batman Returns da wannan tsari, wanda yanzu ake kira Dolby Digital. Shekara ɗaya bayan haka wani sabon kamfani, DTS, ya fito da tasa dabarar a fim ɗin Jurassic Park na Steven Spielberg. Shi bai ma yi ƙoƙarin cusa sautin a zaren ba. Ya zuba shi a faifan CD daban, ya bar 'yar alamar lokaci a jikin fim ɗin domin murya ta riƙa tafiya daidai da motsin baki.

Ke nan sautin kewaye na dijital a cikin ƙunci aka haife shi. Duk tsarin da aka yi masa a shekarun farko amsa ce ga tambaya guda: me za a zubar don sauran ya sami wuri? Sai a 2006 aka sami faifan da ya isa ya ɗauki sautin kewaye na fim ba tare da an zubar da komai ba. Wannan babi zai bi yadda aka kai ga hakan, da abin da ya kamata mai son gyara siliman gidansa ya fahimta kafin ya zaro kuɗi daga aljihu.

Lissafin da ya tilasta yanka

A situdiyo, sauti jerin lambobi ne. Na'ura tana auna kaɗawar iska sau 48,000 a kowace daƙiƙa, tana rubuta kowane awo da bit 24. Wannan shi ne PCM, ɗanyen sauti da ba a taɓa ba. Fim mai sautin kewaye kuwa layuka shida gare shi: hagu, dama da tsakiya a gaba, biyu a gefen mai kallo, sai na shida wanda ba ya ɗaukar komai sai gurnani mai zurfi, irin na tsawa da fashewar bam, wanda bai wuce kaɗawa 120 a daƙiƙa ba. Saboda ƙanƙantar aikin wannan na shidan ne Tomlinson Holman, injiniyan da ya tsara ma'aunin ingancin sauti na THX, ya kira tsarin 5.1.

Idan ka ninka 48,000 sau 24 sau 6, za ka sami bit 6,912,000 a daƙiƙa. Fim na awa biyu zai ci kusan gigabait 6.2 a sauti kaɗai. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya, wanda ya fito a Japan a 1996, gigabait 4.7 ne cikinsa gaba ɗaya, kuma a ciki ake son hoto ya zauna, da fassarar rubutu, da sautin wasu harsuna. Babu yadda za a yi. Dolby Digital a DVD bai wuce kilobit 448 ba, wato kusan kashi 1 cikin 15 na asalin. DTS yana iya kai wa megabit 1.5, amma yawancin faya-fayan da aka buga da shi rabin haka suka ɗauka don kada hoto ya cutu.

Yadda ake zaɓen abin da za a zubar ba da ka ake yi ba. Masana ji sun daɗe da gano cewa ƙara mai ƙarfi tana rufe ƙara mai rauni da ke kusa da ita a amo, har kunne ya kasa tsinto ta. Idan mota ta fashe a fim, ba wanda zai ji ƙas-ƙas ɗin agogon bangon ɗakin. Har ma na ɗan ƙiftawar ido bayan ƙarar ta wuce, kunne bai gama farfaɗowa ba. Na'urar matsi tana lissafa abin da take ganin kunne ba zai kama ba, ta rage masa bit ko ta watsar da shi ɗungurungum. A kan wannan ilimi aka gina MP3, a kansa aka gina Dolby Digital da DTS. Aiki ne na gwaninta, amma abin da aka zubar ya tafi ke nan, babu na'urar da za ta dawo da shi. Shi ake kira matsi mai asara.

Matsi marar asara hanyarsa daban. Bambancinsu kamar na mutum biyu ne da aka ba babbar riga su sa a ƙaramin akwati: ɗaya ya ɗauki almakashi ya datse hannuwan, yana cewa ai ba wanda zai lura, ɗayan ya zauna ya ninke ta ninkin masu bugu har ta shige. Na biyun akwatinsa sai ya ɗan fi girma, amma in an warware, rigar ce cif yadda aka ɗinka ta.

Ninkin yana yiwuwa ne domin sauti ba ya tsalle barkatai. Idan ka san awo goma da suka gabata, kana iya hasashen na sha ɗaya, kuma ba za ka yi nisa da gaskiya ba. Don haka na'ura ba ta rubuta awon kansa, sai ɗan bambancin da ke tsakanin hasashe da zahiri, wanda galibi ƙaramar lamba ce. Haka kuma layin hagu da na dama sukan ɗauki abu kusan iri ɗaya, sai a rubuta abin da suka yi tarayya a kai sau ɗaya. Daga nan a bi dabarar da David Huffman ya wallafa a 1952, a ba lambobin da suka fi yawan fitowa gajeriyar alama, waɗanda ba kasafai ake ganinsu ba a ba su doguwa. Da wannan akan rage sautin fim zuwa kusan rabi, wani lokaci ƙasa da haka. Wurin da ake hira a natse yana cin bit kaɗan, fagen yaƙi ya ci da yawa. A ƙarshe, lambobin da suka fito su ne waɗanda suka shiga, bit da bit.

Faifai biyu, kasuwa ɗaya

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne hasken leza. DVD da ja yake karatu, mai tsawon zango nanomita 650. Sabbin faya-fayan suka koma shuɗi mai ratsin shunayya, nanomita 405, wanda ke iya karanta rubutu mafi ƙanƙanta. Toshiba ya fito da HD DVD, mai gigabait 15 a shimfiɗa ɗaya, 30 a biyu. Sony da Panasonic da Philips da abokansu suka fito da Blu-ray, mai 25 da 50. Duka biyun a 2006 suka shiga kasuwa, kuma na wannan ba ya wasa a na'urar wancan. Sony ya saka na'urar Blu-ray a cikin kowace PlayStation 3, wadda ta fito a Nuwamban wannan shekara, abin da ya shigar da faifan miliyoyin gidajen da wasa kawai suka je saye. A Janairun 2008 Warner Bros. ya sanar da cewa ya koma Blu-ray kacokan, a Fabrairu Toshiba ya miƙa wuya.

Blu-ray ya zo da hanyoyi uku na isar da sauti ba yanka. Ta farko ita ce a zuba PCM ɗin yadda yake, kamar yadda aka yi a faya-fayan farko da dama, sai dai tana cin wuri ba gaira ba dalili. Ta biyu Dolby TrueHD, wanda tushensa ba a Amurka yake ba. Wani kamfanin kayan sauti na Ingila, Meridian, shi ya ƙirƙiro dabarar da ake kira MLP, aka fara aiki da ita a faifan kiɗa na DVD-Audio wanda bai yi kasuwa ba, Dolby ya faɗaɗa ta. A Blu-ray tana iya kai wa megabit 18 a daƙiƙa, da layuka takwas. Ta uku DTS-HD Master Audio, mai iya kai wa megabit 24.5.

Gininsu ya bambanta ta wata fuska mai muhimmanci. DTS ya yi nasa hawa biyu: a ciki akwai ƙwaya, wato tsohon DTS mai asara na megabit 1.5, a kanta kuma an ɗora cikon duk abin da ƙwayar ta zubar. Tsohuwar na'ura tana karanta ƙwayar ta yi biris da cikon, sabuwa ta haɗa biyun ta fitar da asali. TrueHD ba shi da ƙwaya irin wannan, don haka a Blu-ray ake rakiyarsa da wani layin Dolby Digital na daban, mai kai wa kilobit 640, saboda tsofaffin na'urori. Sauƙin da tsarin DTS ya ba masu buga faifai yana cikin dalilan da suka sa, bayan 'yan shekaru, mafi yawan finafinan Blu-ray suka koma DTS-HD Master Audio.

Gardamar da ba ta da tushe

Tun daga lokacin masu sha'awar kayan sauti ke musu a kan wanda ya fi daɗi. Wani ya ce DTS ya fi nauyi da kauri, wani ya ce Dolby ya fi tsabta. Idan daga asali ɗaya aka yi su, duk kanwar ja ce. Ma'anar rashin asara ke nan: abin da TrueHD ya warware, da abin da DTS-HD Master Audio ya warware, da PCM ɗin da ba a matse ba, jerin lambobi ɗaya ne. Megabit 24.5 bai fi 18 inganci ba, iyaka ce kawai, kuma da wuya sautin fim ya kusance ta.

Amma masu cewa sun ji bambanci ba ƙarya suke yi ba, kuma akwai dalilai biyu. Na farko ƙarfin murya. Layukan Dolby suna ɗauke da wata alama da ke gaya wa na'ura ta daidaita ƙarfin maganar 'yan wasa, kuma a faya-fayai da yawa wannan alama tana rage sautin da desibel 4. Kunnen ɗan Adam kuwa, in aka ba shi sauti iri ɗaya sau biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya ƙarfi ko da desibel 1 ne, mai ƙarfin zai zaɓa, ya rantse cewa ya fi armashi. Na biyu shi ne sau da yawa ba haɗi ɗaya ake kwatantawa ba. Fim guda yana iya samun haɗin silima, da haɗin da aka sake yi don falo, da wanda aka gyara bayan shekara ashirin. Mai jin Blu-ray ya fi tsohon DVD ɗinsa sau da yawa sabon aikin injiniya yake ji, tambarin da ke bayan kwali yana karɓar yabo a banza.

Haka zancen manyan lambobi yake. Kwalayen na'urori suna alfahari da awo 96,000 ko 192,000 a daƙiƙa, alhali kusan duk finafinai a kan 48,000 ake haɗa su. Wannan ya isa ya ɗauki duk amon da bai wuce kaɗawa 24,000 ba, kunnen yaro mai ƙoshin lafiya kuma a wajen 20,000 yake tsayawa, na babba ƙasa da haka sosai. A 2007 E. Brad Meyer da David Moran sun wallafa wani gwaji a mujallar Audio Engineering Society. Sun sa mutane suna sauraron faya-fayan kiɗa masu manyan lambobi, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci bayan an sauko da su zuwa matakin CD, ba tare da mai sauraro ya san wanne ne wanne ba. A gwaji sama da 500, rabi aka dace, rabi aka kuskure, daidai da abin da canki-canki zai bayar. Wasu sun soki yadda aka zaɓi faya-fayan, amma gwajin ya isa ya sa mutum ya yi hattara da lambobin kan kwali.

To ina amfanin rashin asarar? Yana nan, sai dai bai kai yadda talla ke zuzutawa ba. Matsi mai asara yana da wuraren da yake tuntuɓe: tafin jama'a, saukar ruwan sama a kan rufi, ƙarar kuge, fashewar gilashi, duk sautin da ke zuwa kwatsam ko yake watse ba tsari. A kilobit 384 ko 448 da aka raba wa layuka shida, kunne mai horo a ɗaki mai kyau yakan ji waɗannan sun ɗan dakushe. A 640, ko a ƙwayar DTS ta megabit 1.5, tazarar ta ragu har mutane da yawa ba sa iya rarrabewa. Babbar ribar ita ce tabbas. Ka san abin da injiniya ya sa wa hannu a situdiyo shi ne ya iso gidanka, kuma in akwai aibi, ka san ba a faifan za ka neme shi ba.

Daga faifai zuwa lasifika

Mutane da yawa sun sayi faifai da na'ura masu tsada, suna zaune suna jin Dolby Digital irin na DVD ba su sani ba. Laifin yawanci na waya ne. Wayar nan mai jan haske a baki, wadda Toshiba ya ƙirƙiro a 1983, da 'yar uwarta ta tagulla, ba sa ɗaukar fiye da PCM layi biyu, ko Dolby Digital da DTS masu asara. Duk wanda ya haɗa da su, sautin kewaye mai asara kawai yake samu. Sautin kewaye marar asara sai ta HDMI, ko ta wayoyi shida ko takwas na analog da wasu tsofaffin na'urori ke da ramukansu.

Ta HDMI ɗin ma hanya biyu ce. Na'urar faifai tana iya warware sautin da kanta ta tura shi a matsayin PCM mai layuka da yawa, abin da HDMI ke iyawa tun farkonsa. Ko kuma ta tura shi a naɗe, risiba, wato amfilifayar da duk lasifikokin ke rataye a jikinta, ta warware. Wannan ta biyun sai da HDMI 1.3 na 2006 ta yiwu, kuma a 2007 aka fara samun risiba masu sauƙin kuɗi da ke iya ta, irin su Onkyo TX-SR605. PlayStation 3 ta farko da kanta take warwarewa, sai siririyar da ta fito a 2009 ta iya turawa a naɗe. Mutane da dama sun sauya risiba don kawai su ga sunan TrueHD ya haska a fuskarta, alhali sautin da suke samu a da ta PCM shi ne dai.

Akwai tarkuna biyu da suka rage. A cikin saitin na'urorin Blu-ray akwai zaɓin haɗa sautin fim da sauti na biyu, kamar sharhin darakta da ƙarar maɓallan menu. In yana kunne, na'urori da yawa sukan sauka zuwa mai asara, don haka a kashe shi. Sai kuma wanda ya haɗa na'urar da talabijin, talabijin ta mayar da sauti zuwa risiba. Hanyar mayarwa ta farko, ARC, wadda ta zo da HDMI 1.4 a 2009, ƙarfinta bai kai na ɗaukar TrueHD ko DTS-HD Master Audio ba. Sai eARC, da aka sanar tare da HDMI 2.1 a 2017, kuma dole talabijin da risiba duka su kasance suna da shi. Ko da hakan, wasu talabijin ba sa barin DTS ya ratsa ta cikinsu. Mafi aminci shi ne na'urar faifai ta shiga risiba kai tsaye, risiba ta miƙa wa talabijin hoto.

Sauti daga sama, da abin da intanet ta rage

A 2012 Dolby ya fito da Atmos, aka fara da Brave na kamfanin Pixar. Maimakon a ce wannan ƙara ta layin hagu ce, sai a ɗauke ta a matsayin abu mai zaman kansa, a rubuta inda yake a sararin ɗaki da inda ya dosa, har da sama. Na'urar da ke wurin ita za ta duba lasifikokin da take da su ta raba. A silima tsarin yana ɗaukar sautuka har 128 a lokaci guda. Ya shigo gida a 2014, kuma Transformers: Age of Extinction ne Blu-ray na farko da ya zo da shi. DTS ya mayar da martani da DTS:X a 2015. A faifai, Atmos a kan TrueHD yake hawa, DTS:X kuma a kan DTS-HD Master Audio, saboda haka tsohuwar risiba tana samun 7.1 ɗinta, wato layuka takwas, ba asara. Atmos ne ya dawo da TrueHD gaba, musamman a faifan Ultra HD Blu-ray da ya fito a 2016. A nan dole a tura sautin a naɗe, domin in na'urar faifai ta warware shi zuwa PCM, bayanin wuraren ya ɓace.

Atmos ɗin da ake samu ta intanet kuwa a kan Dolby Digital Plus yake hawa, wanda mai asara ne. A 2019 Netflix ya sanar da ɗaga ingancin sautinsa zuwa kilobit 640 ga 5.1, da 768 ga Atmos. Tambari ɗaya ne a fuskar talabijin, amma abin da ke faifai ya ninka wannan sau da yawa. Duniya ta zaɓi sauƙi. Oppo, wanda masu sha'awa suka fi yarda da na'urorinsa, ya daina ƙera su a 2018, Samsung ya janye daga kasuwar Amurka a 2019, kantunan Best Buy suka daina sayar da faya-fayan fim a 2024. Faifan bai mutu ba, amma ya zama kayan masu nema.

Inda kuɗi ya kamata ya fara zuwa

Matsi mai kyau ɗan abu kaɗan yake sauyawa a sauti. Lasifika da ɗaki kuwa suna iya ɗaga wani amo ko su danne shi da desibel 10 ko fiye. Duk wanda ya fahimci wannan ya san ta inda zai fara.

Matakin farko kyauta ne, wato wurin ajiya. Ƙa'idar ITU-R BS.775 ta ce lasifikar tsakiya ta fuskanci mai kallo, ta hagu da ta dama su buɗe digiri 30 kowace, na gefe su zauna tsakanin digiri 100 da 120, wato ɗan bayan kafaɗa. A gidaje da yawa duka biyar ɗin jere suke a kan teburin talabijin don gudun jan waya, kuma a haka babu wani kewaye da ya rage. Lasifikar tsakiya ita ke ɗauke da kusan duk maganar fim. In an tura ta cikin kabad, ko ta fi sauran rauni, sai a yi ta ƙara murya lokacin hira ana ragewa lokacin faɗa.

Na biyu lasifikar gurnani. THX ya tsayar da kaɗawa 80 a matsayin iyakar da za a karɓe wa ƙananan lasifikoki nauyi a miƙa mata, domin ƙasa da haka kunne ba ya iya nuna inda sauti ya fito. Amma ɗaki yana wasa da gurnani: nan ya taru ya yi yawa, taku biyu gaba ya ɓace. Akwai tsohuwar dabara. Ka ɗora ta a kan kujerar da kake zama, ka kunna abu mai gurnani, ka zagaya gindin bango kana saurare. Inda ka ji ya fi daidaita, nan ne mazauninta.

Na uku ɗakin kansa, kuma a nan gininmu yana da nasa hali. Falo mai tayil, bangon siminti da faffaɗan gilashi yana mayar da sauti ta ko'ina, har amsa-kuwwa ta cakuɗe da magana. Kafet mai kauri tsakanin kujera da talabijin, labule mai nauyi, kujerun yadi da kantar littattafai suna yin aikin da sabuwar risiba ba za ta yi ba. Sai hayaniya. Bit 24 yana ba da tazarar desibel 144 a lissafi tsakanin shiru da ƙara, bit 16 yana ba da 96, amma fanka a sama da janareta a bayan taga sun riga sun cinye duk ƙananan sautukan da aka sayi faifan dominsu. Matsar da janareta nesa da falo gyaran sauti ne na gaske.

Na huɗu daidaitawa. Yawancin risiba suna zuwa da ɗan makirufo da manhajar awo: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer, wasu kuma Dirac Live. Suna auna nisan kowace lasifika, domin sauti yana ɗaukar kusan kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa kafin ya ci mita ɗaya, sannan su daidaita ƙarfinsu. Minti kaɗan aikin ke ci, amma sau da yawa makirufon yana cikin ledarsa har a sayar da na'urar.

Mai saye a kasuwanninmu yana da ƙarin abin lura. Akwatunan siliman gida da ake rubuta wa wat dubu-dubu da harufan PMPO, lambar ba ta nufin komai, lambar da ke da harufan RMS ake dubawa. Da yawansu ma layi biyu suke karɓa su watsa wa lasifika biyar. Kayan da aka yi don Amurka wutar bolt 120 suke sha, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, in ba taransifoma sai hayaƙi. Faifan Blu-ray yana da shiyya: Afirka tana B tare da Turai da Gabas ta Tsakiya, Amurka tana A, kuma faifan da aka kulle ba ya wasa a na'urar wata shiyya, ko da yake Ultra HD Blu-ray ba shi da wannan kulle. Sannan mutum ya tambayi kansa abin da yake kallo. Finafinan Hausa sun taso daga kaset zuwa faifan CD zuwa YouTube, kuma galibinsu layi biyu ne. Tashoshin dish da ƙwallo ma matsi mai asara suke zuwa da shi. Wanda wannan ne kallonsa, lasifika biyu masu kyau da ta gurnani za su fi yi masa amfani a kan risiba mai tambari goma, domin babu na'urar da ke fito da abin da ba a ɗauka ba tun farko.

Wanda ya gama da waɗannan, yake kuma da faya-fayan, shi ne kwalliya za ta biya wa kuɗin sabulu, kuma ba sai ya sayi sabon abu ba. Risiba ta hannu da aka ƙera daga 2008 zuwa sama, indai tana da HDMI da tambarin TrueHD da DTS-HD Master Audio, tana warware 5.1 da 7.1 daidai da ta bana, bit da bit. Sabuwa sai in ana son lasifikokin sama, ko ana son hoton 4K ya ratsa ta cikinta. Kafin ka yanke shawara, ka gwada kunnenka. Faifai ɗaya yakan ɗauki layi marar asara da mai asara na fim guda. Ka daidaita ƙarfinsu, ka ba wani rimot ya riƙa sauyawa ba tare da ya gaya maka ba, ka rubuta abin da kake zato sau goma. In ka dace tara ko goma, kayanka da ɗakinka sun kai matsayin da tsarin faifai ke da tasiri. In ka tsaya a biyar ko shida, kuɗin ya tafi ga lasifika da kafet, kuma yadda ake zaɓen lasifikar shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.